Bargon da Inna Ta Aika Ƙasar Ƙanƙara

Ni mutum ne mai yawan kokwanto tun ina yaro. Ina iya idar da alwala in koma in sake, don ban tabbata ruwa ya taɓa diddigena ba. Idan na ɗinka wa mutum riga ya tafi da ita, sai in wuni ina tunanin ko na bar masa allura a aljihu. Abin da ban tabbatar ba, ba na iya cewa haka ne, ba na kuma iya cewa ba haka ba ne. Mutane suna yi mini dariya a kan wannan, na saba.

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, ina ɗinki a wata rumfa a kasuwar Gagarawa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Gidan ni ne da matata da Inna. Yayana, ɗan farin Inna, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya, wasu da rediyo a kafaɗa. Shi bai dawo ba, ba a kuma aiko an ce ya mutu ba.

Inna Bafulatana ce, a ruga ta tashi, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda tsofaffinta suka riƙe ta. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan dole ta yi maganarsa, sai ta ce "wancan". Ranar da zai tafi ya durƙusa yana yi mata sallama tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Duk shekarun da muka yi muna tambayar sojoji a tasha, ko sau ɗaya ba ta ce mini, "Me suka ce?" ba. Ni ne nake zama kusa da ita in faɗa wa matata abin da na jiyo da ƙarfi, ita kuma ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta ji.

Cikin bazarar wannan shekara motar majigi ta zo garinmu. Ta wani kamfani ce mai tallar maganin ciwon kai. Aka kafa sanduna biyu a filin makaranta, aka ɗaure farin ƙyalle a tsakaninsu. Yadda aka saba a garinmu, maza suna zama a gaba, wajen da injin yake, mata kuma su zagaya bayan ƙyallen su shimfiɗa tabarmi, domin hoton yana ratsawa, ana gani ta can ma. Matata ce ta matsa wa Inna suka je.

Bayan an gama tallar magani, sai mai majigin ya ɗauki lasifika ya ce yau zai kai mu ƙarshen duniya, inda Turawa suka ajiye sojojinsu suna gadin abin da babu mai sata.

Abin da ya fara fitowa fari ne kawai. Mun ɗauka injin ne bai kama ba. Can sai ga wani ɗan gida na katako a tsakiyar farin, da dogon ƙarfe a kansa. Babu bishiya, babu hanya, babu ko tsuntsu, ba ka gane inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Wani a bayana ya ce gishiri ne. Wani ya ce ƙarya yake, kanwa ce, ya taɓa ganin irinta a arewa. Mai majigi ya ce ƙanƙara ce ta zama gari kamar na tuwo, kuma a ƙasar nan rana takan yi watanni ba ta faɗi ba. Daga jin haka hankalina ya rabu biyu, na shiga lissafin yadda mutum zai gane magariba a irin wannan wuri, da yadda zai sha ruwa in azumi ya riske shi.

Da aka nuna karnuka suna jan kaya kamar shanun huɗa, fili ya ɗauki dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Sojojin suna cikin ɗaki ɗaya kewaye da murhun ƙarfe, suna murɗa wayar iska, babu mai amsa musu. Abincinsu yana ƙarewa. Shugabansu ya kwanta ciwo. Suka fara faɗa da juna a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk wanda ya buɗe baki a waje sai hayaƙi ya fito, kamar cikinsa na ci da wuta. Muna zaune gumi na bin bayanmu, amma na ga mutane suna naɗe hannuwa a ƙirji.

Akwai wani soja guda da bai taɓa shiga ɗakin ba. Duk lokacin da aka nuno waje, yana nan tsaye a gefen ƙofa da bindiga, an rufe masa kai da fuska, ko idonsa ba a gani sosai. Ba ya magana, babu mai yi masa magana. Mai majigi bai ce komai a kansa ba. A ƙarshe jirgin sama ya sauka ya kwashe mutanen ɗakin. Da jirgin ya tashi aka nuno gidan daga sama yana ƙanƙancewa, ga ɗan baƙin ɗigo nan a gefen ƙofa, bai motsa ba.

Washegari da hantsi na tarar da Inna zaune a rana, ta lulluɓa da zane biyu. A watan da kaji ke buɗe baki don zafi. Na taɓa hannunta, sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Inna, zazzaɓi ne?"

Sai ta ce, tana kallon ƙasa, "Ka ga mai tsaron ƙofar nan na jiya?"

"Na gan shi."

"Ka ga tsayuwarsa?"

Na gane inda ta nufa. Yayana yana da wata tsayuwa tasa. Tun yana yaro jan guga ya karkatar masa da kafaɗar hagu, idan ya tsaya sai ka ga kamar yana sauraron wani abu a ƙasa ta wannan gefen. Na dawo da hoton a raina, sannan na sami sauƙi.

"Inna, wannan dama ya karkata. Na lura sosai. Kafaɗar dama ce."

Ta ɗago ta dube ni. "Hagu ce," in ji ta.

Na tambayi matata a ɗaki. Ta ce ita ba ta kula ba, tana ta kallon karnuka.

Sanyin bai sake ta ba. Muka kira mai magani ya ba da saiwa, muka sayo ƙwayoyi a shagon magani, har da maganin ciwon kan da motar ta tallata. Babu zafin jiki, babu tari, babu inda ke mata ciwo. Sanyi kawai. Ta daina shan ruwan randa sai an ɗumama. Ta daina shan fura. Tuwo loma biyu ta ture. Da rana tsaka, lokacin da ko jaki yake neman inuwa, ita tana tsakar gida haƙoranta na haɗuwa. Ina kallo wuyan hannunta yana sirancewa. Matata ta ce mini a ɓoye, "In ba a yi wani abu ba, tsohuwar nan ba za ta ga damina ba."

Wata safiya ta kira ni ɗakinta. Ta ciro bargon mahaifinmu daga ƙasan adaka, wani mai kauri na gashin tumaki da ya sayo a Maigatari tun kafin a haife ni. Duk wannan sanyin da take ji ba ta taɓa rufa da shi ba. Ta naɗe shi ta ɗaure da igiyar kaba.

"Ka bi motar nan ka ba direban. Daga can ya zo, can zai koma."

"Inna, in ce a ba wa?"

"Ya san mai tsaron ƙofarsu."

"In ce daga wa?"

Ta juya fuska bango. "Ka ce daga gida."

A wurinmu babu abin mamaki a wannan. Komai ta hannun direba yake tafiya, daddawa, kuka, zane, labarin haihuwa da na mutuwa. Ka tsaya bakin hanya ka miƙa, ka faɗi gari da unguwa, kuma yana isa. Ni na yi firamare a Gumel, na san fim ba wuri ba ne da mota take zuwa. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai ta ce, "In ka dawo, abin da ka gani za ka faɗa mini. Na san ba ka iya ƙari." Na rufe bakina na ɗauki bargon.

A Gumel aka ce motar ta yi arewa. Na hau wata babbar mota zuwa Maigatari, a bayanta, cikin buhunan gero. Direban bai gama sabawa da sabon hannu ba, duk motar da ta tunkaro sai ya ɗan yi shakka kafin ya kauce, ni kuwa ina ta salati. Wani Ba'adare mai rawani da ke zaune kusa da ni ya dubi bargon, ya dubi rana, ya ce, "Malam, kai da wa kuka yi faɗa, za ka je ka rufa masa wannan?" Aka yi dariya. Na ce saƙo ne. Da jin haka suka bar ni, har wani ya matsar da buhunsa don kada bargon ya ɓaci.

A Maigatari aka ce motar ta kwana biyu ta wuce Sule Tankarkar. Na kwana a rumfar wani tela da muka koyi ɗinki tare, na sake dawowa ta Gumel, na isa can da la'asar sakaliya. Na tarar da motar a gindin wata tsamiya, mai majigin yana kwance a ƙarƙashinta. Shi ne direba, shi ne mai lasifika. Bakano ne, mai ƙiba, da tsinken sakace a baki. Na ga bai dace in tashe shi ba, kuma gaskiya ban san da wace kalma zan fara ba. Na zauna nesa na jira har aka yi isha'i aka kafa ƙyalle.

Na zauna cikin maza na zuba wa ƙofar ido. Da mai gadin ya fito, kafaɗar dama ce a karkace, babu shakka. Na ji daɗi har na yi hamdala a fili. Amma halina bai bar ni ba. Na ce to, me ya sa Inna, wadda ba ta taɓa musu a kan abin da ba ta gani ba, ta ce hagu? Na tashi da bargona a hammata na zagaya ta gefen fili, na tsaya nesa da tabarmin mata, a inda ba za a ce na shiga cikinsu ba.

Ta baya komai a juye yake. Ƙofar da ke wannan gefe ta koma wancan. Kuma babu hasken inji a idonka, babu ƙarar lasifika sosai, sai hoton kawai yana rawa a kan ƙyalle idan iska ta taɓa shi. Aka nuno waje. Ga shi tsaye, kafaɗar hagu a ƙasa, kansa a ɗan sunkuye kamar yana sauraron wani abu. Tsayinsa ne. Yadda yake ware ƙafa ne. Iska ta turo ƙyallen wajena, sai na ga kamar ya matso taku ɗaya.

Na san dalilin. Ko a lokacin na san cewa juyin ƙyalle ne, kamar yadda ɗinki yake juyewa in ka duba ta cikin riga. Amma sanin bai sa na kau da ido ba. Na tsaya a wurin har jirgin ya tashi ya bar shi.

Da safe na sami mai majigin yana shan koko. Na gaishe shi na ajiye bargon a gabansa, na faɗa masa komai tun daga farko. Ya saurara, tsinken na yawo a bakinsa.

"Wane mai gadi?" in ji shi.

"Na bakin ƙofa. Wanda aka bari."

"Tela, fim ɗin nan na nuna shi har na haddace tarin kyaftin ɗinsu. Babu wanda aka bari. Duka suka hau jirgi."

Na ce akwai. Ya ce babu. Ya tashi da fushi-fushi ya buɗe bayan motar, ya ciro wani faffaɗan gwangwani kamar faranti mai murfi, ya warware zaren fim ɗin ya ɗaga shi sama wajen rana. Ya bi shi da ido yana ja, yana ja. Sai ya tsaya. Ya cire tsinken daga bakinsa.

"Ikon Allah. Wannan kuma yaushe ya zo nan?"

Ya miƙo mini. A cikin kowane ɗan gida na zaren, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, ga mutumin nan tsaye. Na sama shi ne, na ƙasa shi ne, har iyakar inda hannuna ya kai. Na juya zaren ta ɗaya fuskar, kafaɗar ta koma hagu. Na sake juyawa, ta koma dama.

Mai majigin ya dawo cikin hankalinsa kafin ni. Ya ce, "Ka ji, tela. Wasa ne Turawa suka shirya a ƙasarsu, tun kafin yayanka ya san soja. Wannan wani ne aka ba shi kaya ya saka aka ce ya tsaya. Wataƙila ma yanzu yana gidansa yana cin abinci."

"Ka san shi?"

"Ina zan san shi?"

"Ka taɓa ganin fuskarsa?"

"Kai, wane irin mutum ne kai? Fuskar da aka naɗe kamar ta Buzu?"

"To za ka iya rantsewa ba shi ba ne?"

Ya dubi bargon. Ya ce shi tun da yake tuƙi an ba shi saƙon kaza, an ba shi na amarya, har ƙashin wani ya taɓa kaiwa asibiti a kwali, amma ba a taɓa ba shi saƙo zuwa cikin gwangwani ba. Ya yi dariya shi kaɗai, ni ban yi ba. Sannan ya tambaye ni ko tsohuwar tana cin abinci. Na ce a'a.

Sai ya ce, "Saƙon uwa ba a mayar da shi. Kwance igiyar."

Ya mayar da zaren ya rufe. Gwangwanayen fim ɗin guda uku ne, ya ɗora su kan juna. Na taya shi ɗagawa. Motar ta kwana a rufe, ƙarfen jikinta har ya fara ɗaukar zafin safiya, amma gwangwanayen nan da na taɓa su sanyi gare su. Na ce masa haka. Ya ce haka suke kullum, kada in ƙara masa wani abin tunani, shi kaɗai yake kwana da su a daji. Muka shimfiɗa bargon muka naɗe su ciki, ya tusa gefunan ta ƙasa da kyau, ya mayar da su lungunsu. Ya ce ko ba komai zai tare musu rana.

A hanyar komawa ban ga komai ba, ina ta shirya abin da zan faɗa. In na ce saƙo ya isa hannunsa, na yi ƙarya. In na ce ba shi ba ne, na faɗi abin da ban tabbatar ba, kuma na san abin da zai biyo baya. Na gwada maganar ta hanyoyi da yawa, kowacce na sami inda ta karkace.

Na same ta a inda na bar ta, a rana, ta ƙara ramewa. Matata ta ba ni ruwa ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya. Na durƙusa na faɗa wa Inna duka, ban rage ba. Na ce ta gaban ƙyalle dama ne, ta baya hagu, kuma na tsaya ta bayan na ga abin da ta gani. Na ce direban ya ce wasan Turawa ne, wani mutum ne daban, amma bai san shi ba, bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya kuma ƙi rantsewa. Na ce mutumin ba a wata ƙasa motar take samunsa ba, yana cikin gwangwani a bayan motar, ƙanƙane, da yawa, a tsaye. Na ce gwangwanin da sanyi.

Ta saurara idonta a rufe. Ban san abin da ta ɗauka a ciki ba da abin da ta bari.

"Direban ya karɓa?"

"Ya karɓa."

"A gabanka aka rufa?"

"Da hannuna na taya shi."

"Har ƙafafu?"

Na tsaya ina tunani, domin gwangwani ba shi da ƙafa, kuma ba na so in amsa abin da ba haka ba. Na tuna yadda mutumin ya tusa gefunan bargon ta ƙasa.

"Babu inda ya rage a buɗe, Inna. Sama da ƙasa."

Ta gyaɗa kai. Muka zauna, rana na dukanmu, ni gumi har cikin idona. Na fara tunanin ko na yi kuskure da na ambaci sanyin gwangwanin, ko da na bar wannan. Ina cikin haka sai na ga wani ɗigo ya taru a goshinta, a gindin ɗankwali. Ya gangaro ta gefen hancinta. Ta sa hannu ta shafa, ta duba yatsunta kamar ba ta san mene ne ba.

Ta zame zane ɗaya daga kafaɗarta ta ajiye a gefe. Ta dubi matata.

"Ke, wannan wace irin rana kuka bar ni a ciki? Kama ni mu koma inuwa. In akwai sauran fura a dama mini, da ruwan randa."